In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Sakkwato, ina haya a Mabera. Wata bakwai da suka wuce na je ɗaurin aure a wani masallacin Juma'a, na ajiye Corolla tawa a bakin hanya na kulle. Ko minti ashirin ba a yi ba aka shafa fatiha, na fito na tarar da wuri wayam. Har yau shiru. Yanzu na sayar da wani ɗan fili na haɗa da adashe, kuɗin da ƙyar za su sayi irin waccan. Yayana ya ce in sake sayen Corolla, tunda abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma ita ce motar da ba ta faɗuwa a kasuwa. Uwargida ta ce ita kam ta yafe mota. Wani abokin aikina kuma ya ce in sayi akwala, wadda ko a buɗe na bar ta ba mai kallo. Kullum ni ke kai yara makaranta, ƙarshen mako kuma ina zuwa gida wajen Gwadabawa in gaida tsohuwa. Gidan da nake haya ba wurin shigar da mota. Wace iri zan saya wadda ba ta jan idon ɓarayi?

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya sa iyakar wahalar ke nan. Ka gaida uwargida, kada kuma ka ga laifinta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Yayanka ya ba ka amsar tambayarka ba tare da ya lura ba. Ya ce Corolla ba ta faɗuwa a kasuwa. Gaskiya ne, kuma wannan dalilin ne ya sa aka tsallake motocin da ke jere a ƙofar masallacin nan aka ɗauki taka. Ɓarawon mota ɗan kasuwa ne marar jari. Kafin ya taɓa ƙofa ya riga ya san wanda zai karɓa da abin da za a ba shi, don motar sata garwashi ce a hannu, ba mai son ta kwana biyu a wurinsa. Hanyoyin rabuwa da ita kuwa ba su wuce uku ba: ko a tsallaka da ita iyaka a sayar da ita sukutum, ko a sake mata fenti da lamba a kai ta wani gari, ko a yanka ta a sayar da inji daban, giya daban, ƙofofi da fitilu daban. Corolla duk ta inda aka bi da ita tana shiga. Motar da in ka kai wa dillali da hantsi za ka dawo da kuɗinka kafin la'asar, shi ma ɓarawo haka yake dawowa da nasa.

Mu a nan ga kuma iyaka a bakin ƙofa. Daga cikin gari zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, kai ma ka san hanyar tunda ita kake bi zuwa gida, daga Illela kuwa ga Birnin Ƙonni nan ana hange. Banda kwalta akwai hanyoyin daji da 'yan fasa-ƙwauri suka sani kamar tafin hannunsu. Kafin mai mota ya gama zagaye layi yana cewa ko dai ba nan na ajiye ta ba, ya kira 'yan'uwa, ya isa ofishin 'yan sanda a rubuta bayani, motar ta ci rabin tafiya. Mutanen Nijar kuma Toyota suke so kamar yadda muke so, ga shi tun 2023 naira ta faɗi warwas a gaban sefa, abin da muke gani da tsada mai sefa araha yake gani. Ban ce maƙwabtanmu ne ɓarayin ba. Da ɗan gari akan ci gari, wanda ya buɗe motarka mai yiwuwa sahu ɗaya kuka tsaya.

Saboda haka in tsoron sata ne ya fi damunka, ka ɗauke ido daga Corolla da Camry da Sienna da Highlander. Hilux kuwa ko kyauta aka ba ka ka yi tunani, don masu sonta ba ɓarayin cikin gari kaɗai ba ne, har da na daji. Akwai wani tarko da mutane ke faɗawa: su ce za su guje wa Toyota, sai su sayi Pontiac Vibe. Vibe kuwa Toyota Matrix ce aka sake wa riga, masana'anta ce ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Amurka ta ƙera ta, injinta kuma na gidan Corolla ne. Mai yankan mota ya san wannan sarai. Haka ma motocin da 'yan haya ke rububi, irin su Golf mai bodi da Sharan, su ma da kasuwarsu, don da an shafa musu wani fenti an jefa su layin lodi shi ke nan sun ɓace cikin 'yan'uwansu.

Shawarar abokin aikinka ta akwala ban karɓe ta ba. Da a ce daga gida sai ofis ne, da na ce gwada. Amma kai mai ɗaukar yara ne, kuma mai bin hanyar Kware zuwa Gwadabawa duk mako. Ka ɗauka motar ta mutu maka a tsakanin gari da gari ana kiran magariba, iyali na ciki, a irin wannan zamani da muke ciki. Asarar da kake gudu ƙarama ce a kan wannan. Ga zafin garinmu, wanda daga Maris zuwa Mayu yake haura digiri 40, tsohon lagireto da fankar da ke aiki in ta ga dama ba sa jure masa. Sannan akwalar ba ta tsira ba. Ita ce ma ta fi sauƙin buɗewa, don makullinta ya side har kowane guntun ƙarfe na juya shi, kuma akwai masu sayen ƙarfe a kan sikeli waɗanda ba ruwansu da ko mota na tashi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Sai mutum ya samo wata baƙuwar mota da babu irinta daga nan har Gusau, yana murna ba mai sace ta. Ba mai sace ta ɗin, gaskiya. Amma ranar da wani ɗan abu ya lalace, sai an aika Kano, Kano ta ce sai Legas, motar ta yi wata uku a kan duwatsu a gareji, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ɓarawo bai ɗauka ba, amma kai ma ba ka hau ba.

Abin da kake nema yana tsakanin waɗannan biyun: motar da bakanikenka ya iya, kayan gyaranta na nan cikin gari, amma dillalai ba sa tashi tsaye in sun gan ta. Hanyar gano ta ba wuya. Ka je wurin masu sayar da motoci ka yi musu tambayar da ba a saba yi musu ba, ka ce wace mota ce in na kawo muku sai ta yi wata biyu ba a taya ba? Ka rubuta sunayen da suka lissafa. Ka ɗauki takardar ka kai wa bakanike da masu sayar da kayan gyara, ka ce a cikin waɗannan wace ce in ta lalace yau za ta tashi yau? Wadda ta fito a duka biyun, ita ce taka.

In ka ce sai na ambaci suna, zan fara da Peugeot 406. An haɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, makanikan Arewa sun girma a kanta, tana da kwanciya a hanya, kuma farashinta bai kama ƙafar na Corolla ba. Aibinta wayoyin lantarki da ɗaukar zafi in an yi sakaci da fanka, ga shi yawancin na kasuwa yanzu sun tsufa, sai an tona kafin a samu mai lafiya. Sai Honda Accord irin ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da ƙanwarta DC. Ita ba zan ce ba a sace ta ba, mutanenmu na son Honda, amma ba ta da farin jinin Toyota a hayin iyaka, kuma ta zo da tsaron makulli mai kyau. Sai dai ka riƙa duba ƙafafunta na gaba a kan kari, don kowa ya sha ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar titi, kuma kada a zuba wa giyarta kowane irin mai. Akwai kuma na Koriya, Kia da Hyundai, waɗanda ba sa shan mai sosai, dillalai kuma ba sa rawar jiki a kansu. Su akwai abin lura guda ɗaya da zan zo kansa yanzu. Duk wadda ka ɗauka cikin waɗannan, ka sani ranar da za ka sayar za ka yi asara fiye da mai Corolla. Wannan asarar ita ce kuɗin barcin da za ka riƙa yi. Ragowar kuɗin da za su rage maka a hannu kuwa kada su tafi wajen rediyo da sababbin kujeru, suna da aiki.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne makulli, don ina zargin ta nan aka ci ka. Motocin zamani suna zuwa da wata 'yar ƙwaya a cikin baƙin robar kan makulli. In ka sa makullin, akwai wani zobe a bakin ramin da ke karanta ƙwayar ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa mai ita ne. In ba ta ji ƙwayar ba, ko makullin ya juya, inji ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu nan take. Makanikai na ce mata imobilaiza. Tsofaffin Corolla da dama ba su zo da ita ba, haka kuma Kia da Hyundai masu yawa da aka sayar a Amurka tsakanin 2011 da 2021, waɗanda ake tayarwa da makullin murɗawa, ba a sa musu ita ba, har abin ya zama annoba a can, yara matasa na sace su suna ɗora bidiyo a TikTok. Irin waɗannan motocin suna cikin waɗanda ake shigo mana da su.

Abin takaicin ma shi ne motar da ta zo da tsaron, mu da hannunmu muke kashe shi. Makulli ya ɓace, ko an canza ƙwaƙwalwa, mai mota ya ji kuɗin yin sabon makulli mai ƙwaya ya yi tsaki, sai mai wayarin ya ce kawo in yi maka dabara. Ya ciro ƙwayar ya manna ta da salatif a jikin zoben har abada, ko ya tsallake tsaron gaba ɗaya. Daga ranar kowane makulli da ya shiga ramin ya zama na mai mota. Don haka kafin ka biya, ka nemi izinin mai motar a yanko maka kwafin makulli na ƙarfe zalla wurin masu yankan makulli, kuɗinsa kaɗan ne. Ka gwada shi a gabansa. In ya buɗe ƙofa amma inji ya ƙi tashi, tsaron na raye. In motar ta tashi ta ci gaba da ruri, to ka san abin da kake saye, ko a rage maka kuɗin gyara shi ko ka wuce. Ka kuma tambayi makulli nawa ne. Motar da aka miƙo maka da makulli ɗaya, ɗan'uwansa yana aljihun wani. Masu na'urar kwamfuta na iya goge tsofaffin makullai daga ƙwaƙwalwar motar su shigar da naka kaɗai, ka yi wannan a makon farko.

Za ka ji ana cewa a sayi mai giyar hannu wai ɓarayi ba su iya ta ba. Wannan maganar Amurka ce. A nan yaron da ke wanke mota ma da kuloci ya koyi tuƙi. Mai tashi da maɓalli kuma, wadda makullinta ke zama a aljihu, tana da nata ɓarayin masu na'urar janyo siginar makullin daga nesa, ban ga dalilin da zai sa ka biya ƙarin kuɗi ka sayi sabuwar damuwa ba. Launi ya fi waɗannan tasiri. Mota ruwan toka ko baƙa, da ta shiga titin Ahmadu Bello ta narke cikin ɗaruruwa. Amma ja ko koriya ko ruwan ƙwai, ko ɗan kabu-kabu ka tambaya zai ce ya ga wucewarta, kuma sake fenti kuɗi ne da lokaci, abu biyun da ɓarawo ba ya son kashewa. Baƙar mota a ranar Sakkwato dama azaba ce.

Da ka karɓo ta, ka kai a zana lambarta a jikin kowane gilashi da madubai da fitilu. Aikin awa ɗaya ne, amma yana rage wa mai yanka riba, mai sake lamba kuma sai ya canza gilasai shida. Ka sayi ƙarfen kulle sitiyari mai kauri mai launi, wanda ake hangowa daga waje, ko na kulle birki da kuloci. Mutane na raina shi suna cewa ai ana yankewa. Ana yankewa mana, amma a ƙofar masallaci ko bakin Kasuwar Kara wa zai tsaya da zarto jama'a na wucewa, alhali ga ta kusa da ita ba komai? Ranar da aka ɗauki taka, ko minti ashirin ɓarawon bai samu ba. Sannan ka sa amintaccen mai wayarin ya ɓoye maka makunni a layin famfon mai, a wurin da kai da shi kaɗai kuka sani, ba ƙarƙashin sitiyari ba inda kowa ke fara laluba. Ka tsaya a kansa ya yi aikin da waya mai kyau da fis, don wayarin ɗin ganganci shi ke cinna wa mota wuta.

Tiraka, wato na'urar bin sawun mota, tana da amfani, amma kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ba ta hana sata, nuna maka inda aka nufa kawai take yi, shi ma sai da layin waya a cikinta da sabis a wurin. Layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba rufe shi ake yi, mutane da yawa sai ranar da mota ta ɓace suke gane tirakarsu ta mutu tun bara. In an tsallaka iyaka kuma layin gida yakan yi shiru. Ka tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro: duk motar da ta shiga can a lokacin, tirakarta ta zama kurma. Ka sa ta, ka riƙa gwada ta duk Juma'a, in kuma ta nuna maka wuri ka tafi da 'yan sanda, kada ka ɗebi ƙannenka ku ce za ku je ƙwato.

Maganar da ka sa a ƙarshen wasiƙarka, cewa gidan ba wurin shigar da mota, a wurina ita ce ta farko. Kafin ka sayi motar ka sama mata makwanci. A Mabera ba za ka rasa maƙwabci mai faffadan gida da get ba, ko gidan mai da ke da maigadin dare, ko makaranta mai katanga. Ka yi magana da su, ka yanka wa maigadi wani abu duk wata, ka sa shi cikin lissafi kamar kuɗin mai. Motar da ke kwana a titi ko ba a ɗauke ta ba ana ɗiban ta kaɗan-kaɗan. Ni kaina na taɓa wayar gari na tarar da bonet a ɗage, batir ya yi tafiya, a ƙofar gidana, ina ciki ina minshari. Yau batir, gobe madubi, jibi a shiga ƙarƙashi a yanke tukunyar tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Ranar Juma'a da ɗaurin aure da jana'iza kuwa, in wurin cikin gari ne, bar ta a makwancinta ka hau Keke Napep. Makulli kuma kada ya yini a wurin wanki ko gareji ba ka nan, yanko kwafi ba ya cin minti goma.

Wajen saye ka kula kada gudun ɓarawo ya kai ka sayen kayan sata. Motar da farashinta ya faɗo ƙasa ba dalili, mai ita na sauri, takardu kuma wai suna wurin wani yayansa a Abuja, bar ta. Ka nemi takardar kwastan ta asali, don a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wadda aka silalo da ita ta daji kuwa kwastan na iya karɓe ta a hanya, ba ɓarawo ba bindiga ka rasa mota. Lambar jikin mota, mai haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka duba da idonka ta dace da ta takarda, ka shafa ka ji ko an taɓa wurin da walda ko guduma. A rubuta yarjejeniya da shaidu, ka ɗauki hoton mai sayarwa da katin shaidarsa, ka mayar da takardu sunanka ba da jinkiri ba. Asalin rasit da takardar kwastan su zauna a gida. Ita ma waccan Corolla, ka tabbata kana riƙe da takardar rahoton da ka kai wa 'yan sanda, don in aka yi wata ɓarna da ita gobe, sunanka lambar za ta nuna.

Inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ko kwabo ba ta biya in an sace mota. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, wadda ke kamawa daga kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. In zuciyarka ba ta kwanta da inshora ba ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu rajista a ƙasar nan, ka je ka ji sharuɗɗansu, ka tambaye su ƙarara ko suna karɓar mota mai shekarun taka da abin da za su nema ranar da ka zo da kuka.

Duk wannan na ɓarawon sane ne. In kuwa, Allah ya kiyaye, aka tare ka da makami, ka fito da yara, ka miƙa makulli, kada ka yi gardama kada ka kalli fuska. In ma sun tambayi makunnin ɓoye ka nuna musu.

Yaya kuma kada ka ja da shi a kan ƙaddara, ba za ka ci ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ka dai tuna masa cewa wanda ya zo da raƙumi an ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ranar da za ka je duba motar ka tafi da shi da bakanikenka, ka ba shi makullin ƙarfen nan ya gwada da hannunsa. Uwargida kuwa ka fara kai ta ta ga get ɗin da motar za ta riƙa kwana da maigadin wurin, kafin ka kawo mata maganar launi.